Aika saitin manhajar lokutan salla ta imel: kundin aikin kafin azumi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Koken da ya fi yawa daga masu amfani da manhajarmu ta lokutan salla guda ɗaya ne. Mutum ya sauya waya, ko an sace ta, ko mai gyara ya wanke ta, ya sake sauke manhajar ya tarar da ita fanko. Wanda bai taɓa shiga sashen saiti ba zai ga abin ba wani abin damuwa ba ne. Amma akwai waɗanda suka zauna suka daidaita komai da hannu: sun zaɓi hanyar lissafi, ko ta Rabiɗa mai ɗaukar alfijir idan rana tana digiri 18 ƙasa da gefen sama, isha'i kuma digiri 17, ko ta Masar mai 19.5 da 17.5, ko ta Ummul Ƙura mai sa isha'i minti 90 bayan magariba. Sun bar la'asar a kan inuwa ɗaya kamar yadda Malikiyya ke yi. Sun ƙara minti kaza a azahar, sun rage kaza a asuba, don wayar ta dace da masallacin unguwarsu. Wannan aikin ba a tuna shi da ka.

Android tana da nata tanadin tun siga ta 6.0 da ta fito a 2015. Tana kwafar bayanan manhaja zuwa Google Drive, har megabait 25 ga kowace manhaja. Sai dai tana da sharuɗɗa: wayar ta kasance a ajiye ba a taɓa ta, tana kan caji, tana kan Wi-Fi idan ba mai ita ne ya ba da izinin amfani da data ba, kuma a buɗe sabuwar wayar da asusun da aka buɗe tsohuwar. Mutanenmu da yawa ba sa cika biyu daga ciki. Mai kai caji shago ba ya da Wi-Fi, kuma asusun ma yaron da ya sayar da wayar ne ya buɗe shi.

Saboda haka aikin shi ne maɓalli biyu a ƙarƙashin saiti: ɗaya ya fitar da saitin a fayil ya liƙa a imel, ɗayan ya karɓi fayil ɗin ya mayar da komai wurinsa. Ina so a gama kafin azumi, don lokacin ne kowa ke duba mintin sahur da na buɗa baki.

Alhamis, 16 ga Janairu

Saitin manhajar duka yana cikin SharedPreferences, wato wani ɗan fayil na XML da Android ke ajiyewa a aljihun manhajar, inda wata manhaja ba ta iya leƙawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira getAll, umarnin da ke ɗebo duk abin da ke cikin fayil ɗin, a kwashe komai a zuba a imel. Layi biyar na kod sun isa. Kafin in yi haka na buɗe fayil ɗin na karanta shi layi-layi, na ga abin da ya taru a ciki tsawon shekaru.

Saitin da mutum ya zaɓa da kansa bai kai rabin abin da ke ciki ba. Akwai alamar da sabar sanarwa, wato kwamfutar da ke turo saƙonni ta intanet, ta bai wa wannan wayar ita kaɗai. Akwai ranar da aka fara buɗe manhajar, da adadin buɗewa, da alamar cewa an riga an nuna allon maraba. Akwai lissafin ramuwar azumi da wasu mata ke riƙewa a ciki, wanda ba na tsammanin akwai mai son ganinsa a akwatin imel ɗin da mijinta ko ɗanta ke buɗewa. Sannan akwai wurin da mutum yake, latitud da longitud, da lambobi masu yawa bayan ɗigo, waɗanda idan ka zuba su a taswira za su kai ka ƙofar gidansa.

Imel wasiƙa ce da ba a liƙe bakinta ba. Tana zama a akwatin mai aikawa, tana zama a na mai karɓa, ana tura ta gaba, kuma ba mai tuna ya goge ta.

Na yanke shawarar yin jerin abin da aka yarda ya fita, maimakon jerin abin da aka hana. Bambancin yana da girma. Idan jerin hani ne, duk sabon abin da wani a cikinmu ya ƙara a gaba zai fita kai tsaye sai in an tuna an hana shi. Idan jerin izini ne, sabon abu yana nan a waya har sai an zauna an ce ya fita. Jerin yanzu: hanyar lissafi, mazhabar la'asar, gyaran mintuna na salloli biyar, harshe, launin allo, tsarin agogo na awa 12 ko 24, waɗanne salloli ke da kiran salla, gyaran ranar Hijira, sunan wuri da wurin kansa.

Wurin kuwa zan datse shi zuwa lamba biyu bayan ɗigo. Lissafin a fili yake: duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti huɗu, don haka kashi ɗaya cikin ɗari na digiri bai wuce daƙiƙa biyu da ɗoriya ba a lokacin salla. A ƙasa kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya. Lokacin salla bai motsa ba, gidan mutum ya ɓace cikin unguwa.

Talata, 21 ga Janairu

Abokin aikina ya kawo shawarar manhajar ta aika imel ɗin da kanta, mutum ya rubuta adireshi kawai ya danna. Ya fi kyan gani, ban musa ba. Amma hanyoyin yin haka biyu ne kuma duka ba su yi mini ba. Ko mu cusa lambar sirrin wani asusun imel a cikin manhajar, wanda duk mai ɗan sani zai warware fayil ɗin manhajar ya ciro ta, gobe a wayi gari ana aika saƙonnin damfara da sunanmu. Google ma ta rufe ƙofar shiga Gmail da suna da lambar sirri zalla ga irin waɗannan manhajoji tun Mayun 2022. Ko kuma mu kafa saba tamu da za ta karɓi fayil ta aika. Nan kuma adireshin imel na mutane da wuraren zamansu sun fara bi ta hannunmu ke nan, da kuɗin saba kowane wata, da nauyin da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a.

Mun tsaya a kan cewa manhajar za ta rubuta fayil, ta miƙa shi ga manhajar imel da ke kan wayar, mai wayar ya aika da hannunsa daga nasa asusun. Mu ba mu ga komai ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Fitarwa ta fara aiki. Ga abin da ya ci lokaci.

Tun Android 7.0 ta 2016 ba a miƙa wa wata manhaja adireshin fayil tsirara. Wanda ya gwada, manhajarsa za ta faɗi da FileUriExposedException. Dole a bi ta FileProvider: a rubuta fayil ɗin a wani ɗan lungu cikin ma'ajiyar wucin gadi, a bayyana cewa wannan lungun kaɗai aka buɗe, sannan a ba manhajar imel izinin karantawa na ɗan lokaci. Na ga misalai a intanet da ke buɗe aljihun manhaja gaba ɗaya don a huta da saiti. Ban bi su ba.

Sai zancen wace manhaja za ta karɓa, inda Android ke da umarni biyu na miƙa saƙo. ACTION_SEND tana ɗaukar fayil da kyau, amma tana jero duk abin da ke iya karɓar fayil, har Bluetooth. ACTION_SENDTO da mailto tana tace manhajojin imel kaɗai, amma ba kowace ce ke kula fayil ɗin da aka liƙa ta wannan hanyar ba. Na haɗa su: ta farko ta ɗauki kaya, ta biyu ta zama matatar zaɓi.

Akwai kuma sauyin Android 11. Da can kana tambayar waya ko akwai manhajar imel kafin ka nuna maɓalli. Yanzu idan ba ka bayyana a takardar da ke bayyana wa Android buƙatun manhajarka cewa kana neman irin waɗannan manhajoji ba, wayar za ta ce maka babu, ko da Gmail na zaune a kanta. Tunda a ƙarshen Agustan 2024 Play Store ta wajabta wa sababbin sigogi su yi daidai da Android 14, ba yadda za a kauce. Na bar tambayar gaba ɗaya. Manhajar tana gwada buɗewa kawai, idan ba a samu mai karɓa ba ta ce wa mutum babu manhajar imel a wayarsa.

Abu biyu ƙanana. Na ɗaya, ba mu da hanyar sanin ko mutum ya danna aika ko ya fasa, domin manhajojin imel ba sa dawo da amsa da za a dogara da ita. Saƙon «An aika» da mai zanen allo ya rubuta ya zama «An miƙa wa manhajar imel». Bai kai na farko daɗi ba, amma shi ne abin da muka sani. Na biyu, ba a goge fayil ɗin nan take, don manhajar imel na iya dawowa ta karanta shi daga baya idan babu hanyar sadarwa a lokacin. Sai buɗewa ta gaba ake share tsofaffi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Ashe ba a fitarwa gizo ke saƙar ba, a dawowa ne.

Fayil ɗin JSON ne, wato tsarin ajiye bayanai a rubutu zalla, don haka mutum na iya buɗe shi ya karanta. A gwaji da wurin Zariya, da Maraɗi, da Kumasi, komai ya dawo daidai. Da aka gwada Kano sai manhajar ta rufe kanta, kuma ta ƙi sake buɗewa sai an goge bayananta. Garin da ya fi kowane yawan masu amfani da ita.

Dalilin ya ba ni dariya da na gano shi. Kano tana zaune kusan daidai kan digiri 12 arewa. Idan aka datse wurin wasu unguwanni zuwa lamba biyu, sai ya zama 12.00. Sashen Android mai rubuta JSON kuwa idan ya ga lamba mai ɗigo da ba ta da komai bayan ɗigon, yakan rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba, wato 12 kawai. Da aka zo karantawa sai aka ɗauke ta cikakkiya, aka ajiye ta da putInt. Sashen lissafi ya zo ya nemi lamba mai ɗigo da getFloat, SharedPreferences ta ce abin da ke nan ba irinsa ba ne, ClassCastException, shi ke nan. Kuma tunda ana karanta wurin a farkon buɗewa, kowace buɗewa faɗuwa ce.

Tushen matsalar shi ne SharedPreferences tana bambanta iri shida: e ko a'a, ƙaramar lamba, doguwar lamba, lamba mai ɗigo, rubutu, da tarin rubutu. JSON kuwa lamba duk lamba ce a wurinta. Duk wanda ya bar fayil ya faɗa masa irin kowane abu, wata rana zai gamu da 12 ɗinsa.

Gyaran da na yi ya wuce wannan lambar. Yanzu jerin izinin nan da na yi tun farko shi ke riƙe da irin kowane saiti da iyakarsa. Latitud lamba ce mai ɗigo tsakanin -90 da 90. Gyaran mintuna cikakkiyar lamba ce, ba ta wuce rabin awa gaba ko baya. Hanyar lissafi dole ta zama ɗaya daga cikin waɗanda manhajar ta sani. Ana karanta fayil ɗin gaba ɗaya, a tantance kowane layi, sai komai ya wuce sannan a rubuta su a dunƙule. Idan layi ɗaya ya lalace ba a taɓa saitin da ke kan wayar. Abin da ba a san shi ba, sai a tsallake shi, don fayil daga sabuwar siga ya iya shiga tsohuwa. Na kuma sa lambar tsari a saman fayil ɗin, yanzu 1, saboda ranar da za mu sauya sunan wani saiti.

Wajen buɗe fayil ɗin, na so a ce mutum ya danna shi a cikin imel manhajar ta taso da kanta. Yana yi a wasu wayoyi, a wasu ba ya yi, domin ba kullum ake gaya wa Android ainihin irin fayil ɗin ko sunansa ba. Hanyar da ke aiki ko'ina ita ce mutum ya sauke fayil, ya shigo manhajarmu ya danna «Dawo da saiti», wayar ta buɗe masa mazaɓin fayil nata, wanda ke nan tun Android 4.4. Taku ɗaya ya ƙaru, amma ba ya buƙatar izinin shiga ma'ajiyar waya.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Wani mai gwaji ya buɗe fayil ɗin a kwamfuta da wani tsohon shirin rubutu don ya gyara minti ɗaya, ya ajiye, ya dawo da shi. Sunan wurinsa, Ƙofar Mata, ya fito a allo Æ˜ofar Mata. Mu UTF-8 muke rubutawa, inda Ƙ ke cin bait biyu, shirin nasa ya karanta su a matsayin haruffa biyu na tsarin Yammacin Turai. Ba zan iya bin kowace kwamfuta ba. Abin da na yi shi ne allon tabbatarwa ya nuna sunan wurin da manyan baƙaƙe kafin a karɓa, kuma ana iya gyara shi a nan take.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Na kai sigar gwaji wurin ladanin masallacinmu, dattijo ne wanda ɗansa ya kawo masa sabuwar waya. Tsohuwar tana nan, allonta a tsage, an ɗaure murfin da roba. Ya ɗora su gefe da gefe a kan tabarma bayan la'asar, yana riƙe da sabuwar nesa da fuska saboda bai zo da tabarau ba. Fitarwa ta yi daidai har manhajar imel ta buɗe, fayil na liƙe. Nan muka tsaya, don bai san adireshin da ke kan sabuwar wayar ba, kuma bai taɓa buɗe imel ba a rayuwarsa. Ya dube ni ya ce, «Ɗana, ba za a tura ta WhatsApp ba ne?» Na ce, «Baba, za a duba.»

Na sha wahalar tace manhajoji don imel kaɗai ya fito, ga shi mutumin da aka yi aikin dominsa yana neman abin da na tace. Imel yana da amfaninsa: fayil na nan shekara da shekaru, ana nemo shi da suna, bai dogara da lambar waya ba. Amma wanda ya manta lambar sirrin asusunsa, imel ɗin ma ya rufe masa. Maɓallan fitarwa sun zama biyu, «Aika ta imel» da «Tura ta wata hanya».

Da saitin ya shiga sabuwar wayar, mintuna duka sun dawo yadda ya bar su. Magariba ta yi wayar ba ta ce uffan ba. Saiti ya bi fayil ya zo, amma izini ba ya bin fayil. Tun Android 13 sai mai waya ya amince kafin manhaja ta nuna sanarwa, kuma a Android 14 sabuwar manhaja ba ta samun izinin ƙararrawa mai daidaitaccen lokaci sai an je an kunna mata. Fayil ɗin na cewa kiran salla a kunne yake, wayar na cewa ba ta san zancen ba. Ga kuma sautin da ya zaɓa, wanda ke cikin ma'ajiyar tsohuwar wayar, adireshinsa ba ya nufin komai a sabuwa.

Yanzu bayan dawo da saiti manhajar tana sake jera ƙararrawar salloli daga farko, ta duba izinin biyu, ta kai mutum inda zai kunna wanda ya rage. Sautin da ba na cikin manhajar ba ne ba ya fita, ana komawa na asali tare da bayanin layi ɗaya.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Abin da ban tsara ba ya faru tsakanin masu gwaji. Fayil ɗin da aka yi don mutum ya aika wa kansa ya fara yawo a zaurukan unguwa: ga saitin masallacin kaza, kowa ya sa a wayarsa don a daina saɓani a lokacin sahur. Amfani ne mai kyau, watakila ya fi wanda na fara da shi. Kuma ya nuna cewa tsayawar da aka yi a kan abin da zai fita ba ɓata lokaci ba ce. Da getAll na yi, da yanzu ƙofar gidan wani da lissafin ramuwar matarsa suna hannun mutum ɗari.

Amma rabawa ta kawo nata tambayoyin. Wanda ya karɓi saitin masallaci ba ya son a sauya masa harshe ko launin allo. Don haka allon tabbatarwa ya rabu gida biyu, lokutan salla da yanayin manhaja, kowanne da akwatin zaɓi, kuma yana nuna tsohon saiti kusa da sabo kafin a danna.

Gyaran ranar Hijira shi ya fi ba ni tunani. Abu ne na wata-wata, ana ƙara kwana ko a rage gwargwadon sanarwar ganin wata. A Najeriya fadar Sarkin Musulmi ce ke sanarwa, Nijar na da nata tsarin, kuma akan samu bambancin kwana ɗaya. Gyaran da ya dace a Rajab ba lalle ya dace a Ramadan ba, balle fayil ɗin da aka tono bayan shekara. Na bar shi a cikin fayil tare da ranar da aka fitar, amma akwatinsa a kashe yake sai mutum ya kunna da kansa.

Yankin agogo ba ya fita sam, na wayar ake bi. Idan wurin da ke cikin fayil ya yi nisa sosai da wanda wayar ke da shi, misali ɗan'uwa a Accra ya karɓi saitin Kano alhali agogonsu na bayan namu da awa ɗaya, manhajar tana tambaya ko ya riƙe wurinsa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Sigar ta hau Play Store, an sake ta ga wani kaso kaɗan tukuna. Fayil ɗin bai kai kilobait biyu ba, don haka ko mai ragowar data zai iya aika shi. Zuwa yanzu babu rahoton faɗuwa daga sashen dawowa. Idan aka kai Juma'a a haka zan buɗe wa kowa, tunda ana sa ran duba wata ranar Juma'ar da yamma.

Abin da ya rage: masu son lissafin ramuwa ya bi su zuwa sabuwar waya sun fara tambaya. Wannan ba zai shiga wannan fayil ɗin ba. Idan za a yi, fayil ne daban mai kulle da kalmar sirri da mai shi zai zaɓa, kuma sai an yi tunanin abin da za a ce wa wadda ta manta kalmar, domin mu ba za mu iya buɗe mata ba. Akwai kuma ƙaura daga SharedPreferences zuwa DataStore, sabuwar ma'ajiyar saiti ta Android, ƙaurar da muka daɗe muna ɗagawa. Tunda fayil ɗin fitarwa ya dogara da jerin izini ne ba da yadda aka ajiye saiti a ciki ba, ƙaurar ba za ta lalata fayilolin da mutane suka riga suka aika ba. Dukansu biyu sai bayan salla.